Yatsun da Bulo Ya Cinye

Yarinyar bankin ta kama babban yatsana da 'yan yatsunta biyu, kamar wadda ta tsinci abu a ƙasa ba ta san mai shi ba. Ta ɗora shi a kan ɗan gilashin na'urar ta danna. Wuta ta kawo ja. Ta goge gilashin da tsumma, ta sake dannawa. Ja.

"Baba, ka saki hannun. Kada ka ƙanƙame shi."

"Ai a sake yake, 'yata."

"In wannan ne sakakken, Allah ya raba ni da ƙanƙamammen."

Muka bi yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, muka koma na hagu. Ta ce in hura musu iska, na hura. Ta ce in goga su a goshi ko maiƙon fuska zai taimaka, na goga, ina jin mutanen da ke bayana a layi suna sauya ƙafa. Wani ya ce da ƙarfi, don in ji, wai wasu sai sun ga layi ya yi tsawo suke kawo tasu matsalar. Ban waiga ba.

Da ta gaji, ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Wani tabo ne toka-toka, kamar inda mai ya ɗiga a takarda.

"Nan ya kamata a ga zane, layi-layi. Na'urar za ta haɗa shi da wanda aka ɗauka lokacin da aka yi maka katin shaida, ta tabbatar kai ne, sannan mu buɗe maka asusu. To naka babu. Sumul yake. Wane aiki kake yi?"

"Lodin bulo."

"Shi ne," ta ce, ta miƙo mini katina. "Bulo ya cinye maka zanen. Ka hutar da hannun kamar wata guda, zai dawo. Sai ka zo."

Na yi mata godiya. Sai da na fito, zafin titi ya buge ni bayan sanyin ciki, sannan dariya ta zo mini, irin wadda ba ta fitowa ta baki. Wata guda.

Tun kafin a haifi babbar 'yata nake filin bulon nan, ga ta yanzu a ajin ƙarshe na sakandare. Aikina ba shi da wuyar faɗi. Busasshen bulo yana jere a ƙasa, mota tana tsaye, ni ne a tsakaninsu. Ka ɗauka, ka miƙa wa na saman mota, ka sunkuya ka ɗauki wani. Safar hannu mun sha gwadawa, bulo yana cinye ta kafin mako ya zagayo, kuma da kuɗinka za ka sayi wata. Shi ya sa kowa ya haƙura, fata dai ba saye ake yi ba. Ban taɓa lura zanen yatsuna ya tafi ba. Wa yake zama yana duba yatsunsa? Abin da na sani kawai, kofin shayi yakan suɓuce mini, maiɗakina ta ce gaggawa ce ta yi mini yawa.

Da, ran Asabar da yamma, foman yakan zauna a kan kifaffen bokiti da jaka a cinya, kowa ya zo ya karɓi nasa a hannu. Sai mai filin ya tsufa ya sayar wa wani kamfani. Suka zo da sabon allo a ƙofa, da hular kwano ga kowa, da sanarwa: daga ƙarshen wata mai zuwa ba za a ƙara biyan kowa a hannu ba. Kowane lebura ya kawo lambar asusun banki mai ɗauke da sunansa shi kansa, ba na matarsa ba, ba na ɗan'uwansa ba. Wanda bai kawo ba ba zai shiga kwamfuta ba, wanda kuwa bai shiga kwamfuta ba, ba shi ba aiki. Ban ce ba su da hujja ba. An taɓa tare foman a hanya da jakar. Amma hujjarsu ba za ta biya mini hayar ɗaki ba.

Samarin da ke cikinmu duk suka buɗe cikin 'yan kwanaki, su hannunsu bai daɗe a aikin ba. Aka bar mu tsofaffin hannu muna kallon juna.

Da yamma na tarar da maiɗakina a bakin famfon tsakar gida tana ɗauraye kayan mutane. Wanki take yi wa wasu gidaje a unguwar da ke gaba da tamu. Ɗakinmu ɗaya ne da labule a tsakiya, yara huɗu a bayan labulen, ƙaraminsu kuwa mai tari ne, ba ya yin wata biyu ba a kai shi asibiti ba. Na tsuguna kusa da baho na faɗa mata yadda muka yi. Ta matse rigar da ke hannunta ta jefa, ta juya tafinta tana dubawa. Sabulu da bilic sun yi masa abin da bulo ya yi wa nawa.

"To ashe a wurin na'ura gidan nan ba kowa," ta ce.

"Akwai yara."

"Su ma ka ba su lokaci."

Ta tsoma wata rigar ta shiga cuɗawa. Can ta ce, "Baban yara, ita na'urar yatsu goma take so ko ɗaya?"

"Ɗaya ya ishe ta, in dai ya fito."

"To ka hutar da ɗaya mana. Sauran tara su ci gaba da nema."

Muka zaɓi babban yatsan hagu. Ta shafa masa man shafawa, ta naɗe shi da tsumma mai tsabta. Tsumman bai kai hantsi ba bulo ya yaga shi. Washegari na biya wurin mai faci a bakin titi, ya ba ni tsohon tib na keke, na yanka shi tsiri-tsiri, muka naɗe a kan tsumman tam, yadda ko ƙurar siminti ba za ta shiga ba.

Wanda bai taɓa ɗaukar bulo ba ba zai san babban yatsa ne ke ɗauka ba, sauran rakiya suke yi masa. Na koma tallabe bulon da wuyan hannu, yatsan yana tsaye a sama, kamar ina yi wa duk wanda ya wuce jinjina. Abokin aikina, wanda ke tsayawa a kan mota yana karɓa, Na-Sama muke ce masa, shi kuma yana ce mini Na-Ƙasa. Bai bar ni na sha ruwa ba.

"Ranka ya daɗe babban yatsa, an tashi lafiya? A kawo kujera ko a kawo fanka?"

"Karɓi bulo, Na-Sama."

"Jama'a ku zo ku ga yatsan da ya samu hutun da mai shi bai taɓa samu ba. Gobe za a ce ya nemi ƙarin albashi."

Kowa ya yi dariya, har ni. Amma da rana ta take dariyar ta ragu, don da yawan motocin da muka cika ake biyanmu, ni da shi, kuma motarmu ta zama ita ce ta ƙarshen fita. Na-Sama bai yi mini ƙorafi ba. Ya dai daina tsokana, wannan ya fi yi mini ciwo. Wuyan hannuna ya kumbura ya yi baƙi. Wata rana bulo ya zame ya fashe dab da ƙafata, foman yana tsaye. Ya dubi bulon, ya dube ni, ya wuce. Da ya yi mini tsawa da na fi samun barci.

Ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe, na sani. Daga gida zuwa filin bulo ina tafe ina kora kaina daga aiki, in kwashe kayanmu daga ɗakin haya, in cire yarinyar daga makaranta ana gobe jarrabawa, in tsaya a gaban mai kemis ina roƙon maganin tari. Kafin in isa ƙofa na riga na gaji, ban ɗauki bulo ko ɗaya ba.

Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne yamma. Maiɗakina ta warware robar, ta ƙara mai, mu duba. Fatar ta fara yin fari, ta yi laushi. Ta latsa da farcenta ta ce, "Ka gani? Kamar na jariri." Babbar 'yata ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta kanne ido ɗaya, ta daɗe tana duba.

"Baba, kamar ina ganin layi ɗaya a nan."

"Ina?"

"Nan gefe. Ko kuma shatin tsumma ne."

"Layi ne," uwarta ta ce. "Ke dai ba ki iya fata ba."

Tun da muka ga yana yin fari muka ɗauka warkewa ce, sai na daina cire robar ko da zan kwanta, don kada ya gogi tabarma. Ya wuni a ciki cikin rana da gumi, ya kwana a ciki.

Da watan ya yi nisa na roƙi foman rabin wuni, na koma banki. Na yi sa'a yarinyar nan ce dai a wurin, ta kuma gane ni. Na warware robar a gabanta a hankali, ina jin wani ɗan alfahari. Ta ɗan yamutsa hanci, amma ta kama yatsan ta ɗora a gilashi ta danna. Fatar ta zame ta tattare gefe guda kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ta bar jan nama a ƙasa. Ta sake ni da sauri.

"Baba, me ka yi masa?"

Na faɗa mata, tun daga man shafawa har tib ɗin keke. Ba ta yi dariya ba. Ta dafe goshi.

"Ai dafa shi ka yi. Cewa na yi ka hutar da shi, ya sha iska."

"Ina zai sha iska, 'yata, ina lodi?"

Ta ce in jira, ta tashi ta shiga wani ofis. Da ta dawo ta ce akwai hanya ɗaya. Wanda ba shi da yatsu, ko wanda zanensa ya ɓace har abada, ana buɗe masa ba tare da na'ura ba, in ya kawo takardar likita. Ta ba ni audugar da za ta goge gilashi da ita in riƙe a kan yatsan. Na ga ta so ta ƙara wata magana, sai na bayana ya matso.

Asibiti ya cinye mini wuni guda a kan benci. Likitan matashi ne, idanunsa sun yi ja, ga alama shi ma bai ga gidansa ba tun jiya. Ya wanke mini ciwon, ya juya hannuwana ya duba sauran yatsun a ƙarƙashin fitila.

"Malam, ba zan iya rubuta har abada ba, don ba har abada ba ne. In ka bar taɓa bulo zai dawo."

"In na bar taɓa bulo me zan zuba a asusun, likita?"

"Na gane."

"To ka rubuta mana. Ai ni ba zan bar taɓa bulo ba har in mutu. Ka ga har abada ke nan."

Ya ɗan yi murmushi, ya ajiye biron. "A wurinka haka ne. A wurin takarda ba haka ba ne, kuma ni za a tambaya. Ka bar yatsan a buɗe, kada ka ƙara sa masa roba."

Washegari foman ya kira ni bayan tulin yashi. Dogo muke ce masa, don duk filin ba wanda ya kai shi gajarta. Tare muka fara aikin nan, shi dai Allah ya ba shi ɗan karatu da baki.

"Na-Ƙasa, jibi nake miƙa sunaye. Ban ga naka ba."

Na nuna masa yatsan. Ya kau da kai.

"Saurara. Mutanen ofis ba su san fuskar kowa ba a nan. Suna suka sani da lamba. Ka kawo mini mutum mai kati da asusu, in shigar da shi a matsayin sabon lebura. Ya zo sau ɗaya a ɗauki hotonsa da yatsansa, shi ke nan. Kai ka ci gaba da lodinka. Kuɗi ya faɗa wurinsa, ya ciro ya ba ka."

"Mai gadi fa? Ai ya san ni."

"Mai gadi shi ma da sunan ɗan yayarsa yake gadi."

"To shekarun da na yi? Sun ce za su duba tsofaffin hannu ranar sallama."

"Wanda ke cikin kwamfuta za su duba. Kai kuma sabon lebura ne zai shigar maka."

"In bulo ya faɗo mini a ƙafa fa?"

"To kada ya faɗo." Ya cire hular kwanon ya share gumi. "In kuma manya suka zo bincike, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Ba mugunta ba ce. Ni ma 'ya'ya gare ni."

Na bi mutanena a zuci ɗaya bayan ɗaya. 'Yan'uwana suna nesa, hannuwansu kuma irin nawa ne. Maƙwabtan da na yarda da su kowa yana aiki da sunansa. 'Yata ba ta kai shekarun kati ba, ko da ta kai wa zai yarda ita ke lodin bulo? Ko ta ina na zagaya, mutum ɗaya nake tararwa, ƙanin maiɗakina.

Ɗan Gayu ake ce masa. Bai taɓa riƙe aiki ya wuce ranar biyan farko ba. Kullum yana kan benci a gaban shagon cajin waya da gogaggiyar riga, wadda yayarsa ce ke goge masa. Asusu kuwa biyu gare shi, a bankuna daban-daban, duk iska ce a ciki. Ba zan iya ƙirga sau nawa na zaunar da shi ina yi masa faɗa a kan zaman banza ba. Yana hango ni ya gyara zama.

"A'a, mijin Yaya da kansa. Yau a nan za a yi wa'azin? Bari in tara jama'a."

"Ba wa'azi. Aiki na samo maka."

"Na gode, amma kwanan nan ba na jin daɗin jikina."

"Irin wanda kake so ne. Ba za ka taɓa komai ba."

Na ja shi gefe na yi masa bayani. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya dubi fuskata sai ya tsaya.

"Wato ni ne leburan. To kai kuma mene ne?"

"Ni ne hannun."

Ya shiga juya wayarsa. Na samu kaina ina kallon yatsunsa. Dogaye, masu tsabta, ko daga inda nake tsaye ina ganin zanen, layi a kan layi, kamar an zana da allura.

"Yaya ta sani?"

"Ita ta ce in zo."

"To shi ke nan. Wallahi ba zan taɓa maka komai ba. Sai dai ɗan na kati, ka san sai waya tana da kati za ta sanar da ni kuɗi ya shigo."

Na san ba haka ba ne, amma na ce to. Ba mugu ba ne, kuma lokacin da ya rantse har zuciyarsa yake nufi. Kuɗi ne dai ba sa kwana a hannunsa, ga shi yanzu abincin 'ya'yana a hannunsa zai fara sauka kafin ya iso gida.

Ranar miƙa sunaye na ara masa kayan aikina, suka yi masa yawa. Dogo ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ko makaho ba zai ɗauke shi lebura ba. Ya damƙo ƙurar siminti ya shafa masa a kafaɗu da gashi, Ɗan Gayu yana ta mita wai jiya ya yi aski. Ofishin kamfani kwantena ce da aka yanka wa taga. Na tsaya nesa kaɗan da bulo a hannu ina hange. Aka ɗauki hotonsa. Ya ɗora yatsa a kan na'ura, taɓawa ɗaya wuta ta kawo kore. Ya fito yana karkaɗe kafaɗa.

"Mijin Yaya, a taya ni murna, na samu aiki. Yanzu kuma sai wa'azin aure."

Ya tuɓe kayana a bayan tankin ruwa, ya wanke hannuwansa har gwiwa, ya tafi.

Da yamma maiɗakina ta zuba abinci a kwano mai murfi, ta tsamo 'yar tsokar da ke cikin tukunya ta ɗora a kai, ta ba yara su kai wa kawunsu. Ta ga ina kallo.

"Yanzu sai a riƙa tunawa da shi," ta ce, ba ta dube ni ba.

Da sabon wata ya kama, kamfani ya fito da wani tsari. Kowace safiya sai mun jeru a bakin ƙofa, Dogo ya kira suna, wani akawu daga ofis yana tsaye a gefensa da biro. Na tsaya a layi da hular kwanona, ina kallon takalmina, ina jiran nawa. Aka kira samari, aka kira Na-Sama, aka kira wani suna, ba wanda ya amsa. Dogo ya maimaita. Sunan ƙanin maiɗakina ne, cikakke, har da na mahaifinsu. Na ji shi sarai, na dai ci gaba da jira. Dogo ya ɗago ido ta saman takardar ya kafe ni da shi. Na-Sama ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Na'am," na ce.

Akawun ya yi alama a takardarsa, bai ko ɗago kai ba.

Motar farko ta riga ta juyo da baya ta tsaya. Na-Sama ya kama ƙarfe ya haye, ya tsaya yana kallona daga can, hannuwansa a ƙugu.

"Shi Na-Ƙasa yana nan, ko shi ma an sauya shi?"

"Yana nan."

Na sunkuya na kama bulo da hannu biyu, da yatsu goma. Gefensa ya sami sabuwar fatar, zafin ya tafi har kafaɗa. Na ɗaga na miƙa masa.

"Karɓi."